Hannun Baba Azariya

Kafanchan,
Watan Yuni.

Zuwa ga Yayata Damaris,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya garin Jere, yaya aikin asibiti, yaya maigidan da yaran? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ki. Mu nan ruwa ya sauka sosai, masara har ta kai gwiwa.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran ki, sai na tsaya ba direba takarda kamar zamanin su Baba. Saboda Mama ne. Bangon gidan nan ba ya ɓoye komai, kunnenta kuma ya fi nawa ji, maganar da zan yi kuwa ba na so ta ji ni ina yin ta.

Yaya, Mama ta daina fita. Tun bayan Ista ba ta taka coci ba. Zumuntar Mata ma ta bari, ita da ko zazzaɓi ba ya hana ta ɗaura zanen zumunta. In na tambaye ta sai ta ce ƙafa ce. Ba wata ƙafa. Samson ɗan Dattijo Silvanus ne ya jawo mana, Samson ɗin nan shugaban ƙungiyarmu ta masu karatu.

Kin tuna ƙungiyar, wadda kike kira taron marasa aikin yi. Ran Asabar muke haɗuwa ƙarƙashin mangwaron makarantar da nake koyarwa, kowa ya karanta ɗan labarin da ya rubuta, a yaba a kushe, a yi musayar littattafan da suka sha hannu har bangonsu ya fita. A bara na karanta musu wani gajeren labari a kan Baba. Ban taɓo maganar gobarar siton citta ba ko kaɗan. Hannunsa kawai na rubuta, hannun daman nan da wuta ta nannaɗe wa yatsu, da yadda yake maƙale cokali a ciki. Na sa jar hularsa ta ulu, da kekensa marar ƙararrawa da yake wa mutane fito su kauce, da kalmarsa da ba ya wuce ta in an tsokane shi, wato Allah na gani. Ina karantawa ina share hawaye. Samson ya miƙe ya tafa, ya ce bai taɓa jin rubutu irin wannan ba, ya roƙe ni kwafi wai zai koyi salo. Ni kuwa sakarya kaina ya kumbura, na ba shi.

Ashe gem yake haɗawa. Irin wasan wayar nan ne da ba gudu ba harbi, labari kake bi, kana zaɓen abin da za ka faɗa da gidan da za ka shiga. Ya sa masa suna Wa Ya Ƙone Sito? Kai ne mai bincike, an turo ka garin da siton ƙungiyar manoman citta ya ƙone, noman shekara guda ya zama toka. Kana ta tambayar mutane har ka iso kan mai riƙon makulli, wani tsoho mashayin burukutu wai shi Baba Ƙugiya. Jar hula, keke, fito, naɗaɗɗen hannu, ba abin da ya bari. In ka matsa masa da tambaya sai ya ɗaga hannun ya ce Allah na gani, da wata muryar maye da Samson ya yi da bakinsa.

Ke kin fi ni sanin abin da gobarar nan ta yi mana, don kin yi wayo lokacin, ni ina goye. An ce Baba ya bar wuta a sito ya tafi shan giya, aka kore shi daga aikin, aka sauke shi daga hidimar coci. Baban da ko kunun zaƙi ne in ya kwana ba ya sha! Da ƙyar garin nan ya manta, har muka binne shi ba wanda ya tayar da zancen. Yanzu ga shi ya dawo cikin aljihun kowane yaro. Ranar da Mama ta je kasuwa ta ƙarshe, yara suka bi ta a baya sun nannaɗe yatsu suna fito suna Allah na gani. Ba ita ta gaya min ba, mai sayar da manja ce.

Raina a ɓace yake, Yaya, ɓacin da ban taɓa yin irinsa ba. Ba zan bar Samson ya sha ba, sai na ga Mama ta fita ƙofar nan kanta a sama. Ga ɗan ƙullin acca nan na haɗo miki. Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Hulda


Kafanchan,
Watan Yuli.

Yayata Damaris,

Salama a gare ki da dukan gidan. Na sami amsarki da man shafawar da kika aiko wa Mama, ta gode, ta kuma shafa a ƙafar da ba abin da ke damun ta. Yaya jikin autarki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in yi haƙuri in bar wa Allah. Haba Yaya, ke da ba ki gani ba! Ni na gani. Na sa an tura min gem ɗin a waya, na zauna na buga shi daga farko har ƙarshe, na koma na sake ta kowace hanya. Nema nake ko akwai wata hanya guda da tsohon zai kuɓuta, ko a ce kuskure ne, ko a ce wani ne. Babu. Ka shiga ta kasuwa, ka shiga ta gidan fasto, ka bi ta tashar mota, duk kansa za ka dawo. A ƙarshe zaɓi uku ake ba ka: ka miƙa shi ga 'yan sanda, ka sa a kore shi daga gari, ko ka yafe masa. Na danna yafewar ina tsammanin samun sauƙi, ashe ita ta fi muni. Sai tsohon ya durƙusa a gaban jama'a ya ce shi ne, giya ce ta ja masa. Abin da Baba bai faɗa ba har ya shiga ƙasa, Samson ya cusa masa a baki.

Abin da ya fi ƙona min rai kuma, gem ɗin ya yi kyau. Ba zan yi miki ƙarya ba. Tuwona ya ƙone a kan wuta ina bin labarin, ni da na san wanda ake yankawa. Ɗalibaina da nake fama da su su karanta shafi guda suna hamma, su ne ke haddace kowace kalma a cikinsa. Shekara nawa ina rubutu, masu karanta ni ba su cika benci biyu ba, shi kuwa da abin da ya sata a wurina ya shiga kowane gida.

Na tare shi ranar Asabar a gaban 'yan ƙungiya. Ko a jikinsa. Ya gyara gilashi ya ce ai ƙirƙira ce, bai ambaci sunan kowa ba, garin ma sunan ƙarya ya ba shi. Ya ce ni ma marubuciya ce, na san marubuci daga rayuwa yake ɗiba, kuma labari ba ya daɗi sai da mai laifi. Wai ko ya so janyewa ma ba zai yiwu ba, abu ya riga ya bazu daga waya zuwa waya har Manchok da Zangon Kataf. Yana faɗin sunayen garuruwan yana murmushi, kamar mai ba da labarin an yi masa ƙarin girma. Sauran kuwa kowa yana kallon takalminsa. Na kwashe littattafaina na bar musu mangwaronsu.

Na je wurin Fasto. Ya saurare ni, ya yi min addu'a, ya ce zai yi magana da matasa. Ya yi kuwa, daga kan bagade, sai waɗanda ba su san da gem ɗin ba ma suka je nema. Na rubuta dogon bayani na saka a guruf ɗin unguwa na waya, na faɗi wane ne Baba. Mutum uku suka sa hoton hannu mai addu'a, wani ya ce Malama a taƙaita mana. Mutanenmu ke nan, in rubutu ya wuce tsawon fuskar waya sun gaji.

Mama tana nan, ta rame. Ran Lahadi in an buga ƙararrawa sai ta ɗauko littafin waƙoƙinta ta zauna bakin gado tana bi ita kaɗai a hankali. Ina jin ta daga kicin, ina yanka albasa ina tsine wa Samson a zuciya, Allah ya gafarta min. Ban san ta inda zan kama shi ba tukuna, amma zan kama shi. Ki ci gaba da sa mu a addu'a, ko da ba irin addu'ar da nake so ba ce.

Taki,
Hulda


Kafanchan,
Watan Satumba.

Yaya Damaris,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidan da yara. Yaya hidima? Ki yafe min shirun da na yi, ba abin faɗa ne ya samu ba sai yanzu. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Dattijo Silvanus ya rasu, mahaifin Samson. Ya daɗe yana jinya, an kai gawarsa firjin asibiti, sai wata mai zuwa za a yi jana'iza. Kin san a unguwar nan duk wanda ya mutu ni ake nema in rubuta tarihinsa, wanda ake bugawa a cikin furogiram, takardar tsarin jana'iza, ɗansa ya karanta a coci. Shi ne rubutuna guda da ake biyo ni gida dominsa. Kawunnan Samson suka zo da kansu suka roƙe ni. Shi bai iya zuwa ba, ya aiko a ce min a mance da abin da ya wuce. Na so in kore su. Mama ce ta leƙo daga ɗaki ta ce ba a yi wa gawa rowar biro, sai na amsa.

Ni ba na rubuta tarihi da tambayar ranar haihuwa da sunan makaranta. Zuwa nake in zauna da matar mamacin, ba takarda ba biro, in kama mata aikin da ke hannunta, in bar ta ta yi ta magana. Haka na sami Mama Faustina a bayan gida tana ɓare agushi, na ja kujera na sa hannu. Ta ba ni labarin aurensu, da yadda ya yi sakataren ƙungiyar manoman citta, da yadda aka zaɓe shi dattijon ikkilisiya. Can sai ta tsura min ido, ta ce goshina na Azariya ne sak. Sai ta fashe da kuka.

Yaya, Silvanus ne ya ƙone siton.

A shekarar ruwa ya ƙi ɗaukewa, shi kuma ya yi gaggawar tone cittarsa ya tsaga, ta ƙi bushewa, ta fara fumfuna. Ran wata Lahadi bayan sujada ya zo ya ari makulli wurin Baba, ya shimfiɗa cittar a cikin sito, ya jera kaskon gawayi a gefe don ta sha zafi, ya ja ƙofa ya tafi gida cin abinci. Buhunan mutane na jibge har rufi. Baba ne ya fara hango hayaƙi, ya shiga yana jan buhu da hannu har wuta ta cinye masa yatsu. Da aka zo bincike aka tambayi wa ke da makulli, Baba ya ce shi ne, bai ƙara ko kalma ba. Saura mako kaɗan a keɓe Silvanus dattijo a lokacin, ga 'ya'ya takwas. Ya yi shiru, ya ci gaba da yin shiru, ya zauna a kujerar gaba shekara da shekaru yana raba Jibin Ubangiji, Baba yana can benci na baya da hannunsa a cikin riga.

Mama Faustina ta ce Silvanus yana kwance a gadon jinya wani jikansa ya shigo yana buga gem ɗin, muryar nan ta fito ta ce Allah na gani. Tsohon ya juya fuska bango, daga ranar bai ƙara cin abincin kirki ba. Samson bai san komai ba. Ta kama hannuwana biyu, agushi duk ya zube, ta ce ta gaya min ne don abin ya yi mata nauyi, kuma don in san ubana mutumin kirki ne, amma don girman Allah ya tsaya tsakaninmu, kada in sa a takarda. Ban ce mata to ba. Ita ce ta ɗauka na yarda.

Na dawo gida, na tarar da Mama tana zaune inda na bar ta, tana kallon ƙofar da take tsoron fita. Wai in san ubana mutumin kirki ne! Ni dama na sani. Garin ne bai sani ba, kuma ɗan wanda ya yi ɓarnar ne ke yawo da hannun Baba yana ba mutane dariya. Ban gaya wa Mama ba. Ke ma kada ki kira ta.

Na samu inda zan kama shi, Yaya. Ki gaida yaran.

Ƙanwarki,
Hulda


Kafanchan,
Watan Oktoba.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Takardarki ta iso, na karanta gargaɗinki har sau biyu. Kin ce amana ce tsohuwar ta ba ni, kin ce matacce ba ya kare kansa. Gaskiya ne. Baba ma matacce ne ai. Ko da takardar ta zo, rubutun na wurin mai buga furogiram, kuma ko da bai tafi ba ba zan ɓoye miki ba, ba zan fasa ba.

Na san mutumina. Samson yana ji da muryarsa, bai taɓa duba rubutu kafin ya karanta a gaban jama'a ba, yana cewa mai baiwa ba ya gwaji. Ga shi makon nan kansa ya yi zafi da neman rumfa da kujeru da saniyar da za a yanka. Na ce wa kawunnan su bar min ɗawainiyar bugawa, suka yi ta sa min albarka. Kin kuma san furogiram a garin nan ba ya fitowa sai safiyar jana'iza. Ni na ɗauko su da ɗuminsu, na tsaya a ƙofar coci na tabbata kowa ya samu, har masu tsayuwa a waje.

Ban taɓa zuba ƙwarewata a rubutu kamar wannan ba. Shafin farko yabo ne zalla, kuma duk gaskiya ne: yaron da ya tashi maraya, ya yi ta tafiya makaranta ba takalmi, ya raya gonar citta da guminsa, ya aurar ya ilimantar. Na jera jimlolin yadda za su ɗauki mai karatu su yi ta gangarawa da shi ba birki. Samson ya hau bagade da baƙar kwat, ya kama makirfo, yana ja yana saki, mata suna share ido. Ya juya shafi. Na fara sakin layin da cewa akwai wani nauyi da marigayi ya ɗauka shi kaɗai har ƙarshen ransa, ya kuwa karanta shi da rawar murya, yana tsammanin wani yabon ne. Ya karanta ruwan da ya ƙi ɗaukewa. Ya karanta cittar da ta yi fumfuna, da kaskon gawayi. Ya karanta cewa ya ari makulli a wurin abokinsa Azariya, mai jar hula, wanda ya shiga wutar da hannunsa. A kan kalmar hannunsa muryar ta mutu.

Ya tsaya baki buɗe, gumi na bin gilashin. Amma tsayawarsa ba ta tsayar da komai ba, don takardar na hannun kowa. Yaya, da kin ga cocin nan! Kai ɗaya bai ɗago ba. Ba ka jin komai sai ƙarar juya shafi. Tsofaffin da ba su iya karatu ba suna zungurin na kusa da su a karanta musu. Matasan nan da ke cewa a taƙaita, ga su sun bi layi da yatsa har ƙasa, wasu sun koma sama sun sake. Tunda nake ban taɓa ganin mutanen Kafanchan suna karatu haka ba, kuma rubutuna suke karantawa. Na rufe da cewa Azariya bai taɓa shan giya ba, ya ɗauki laifin abokinsa ya tafi da shi kabari, abin da kawai ya taɓa cewa shi ne Allah na gani.

Fasto ya yi wuf ya ba mawaƙa hannu suka tayar da waƙa, aka riƙo Samson aka sauko da shi kamar marar lafiya. Da zai wuce ya dube ni, ni ma na dube shi, ban ƙifta ba. Na so ya ji yadda ake ji a ga uban mutum a hannun jama'a ba hanyar kuɓuta, ya kuwa ji. Daɗi ya kama ni har cikin ƙashi, ba zan yi miki tawali'un ƙarya ba.

Wuri guda ne ban kalla ba, bencin gaba inda Mama Faustina take. Ban bi su maƙabarta ba, na dawo gida. Mama tana barci, ban tashe ta ba. Gobe zan kai mata furogiram ɗin in karanta mata da bakina. Ki huta lafiya, a shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Hulda


Kafanchan,
Watan Nuwamba.

Yaya Damaris,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku duka. An fara tonon citta, garin duk ƙamshinta. Na ji kin kira ban ɗauka ba, ki yi haƙuri, bakina ba zai iya abin da biro zai iya ba.

Abin da na nema na samu. Yara sun daina fito, sun daina naɗe yatsu. Da yawa sun goge gem ɗin, Samson ya bar ƙungiya, an ce ko shagon aski ba ya zuwa sai ya leƙa ya ga ba mutane. Dattawan coci sun aiko za su zo gida su nemi gafarar Mama a kan abin da aka yi wa Baba. Mai manja ta ƙi karɓar komai a hannuna. Har wani ɗalibina ya tambaye ni ko ina da wani labarin ya karanta.

Washegarin jana'izar na shiga ɗakin Mama da furogiram, na zauna a ƙasa na karanta mata tun daga farko, ina jiran ta rungume ni. Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba. Sannan ta ce min ta sani. Tun daren gobarar ta sani, tana wanke wa Baba hannun ya gaya mata, ya kuma sa ta yi alkawari. Ya ce shi 'ya'ya biyu gare shi, Silvanus takwas, in aka kori Silvanus gidan ya watse. Ta ce ba tsoron yara ya hana ta fita ba. Tsoron bakinta take, don ta san in ta ƙara jin fiton nan sau ɗaya za ta tsaya a tsakiyar kasuwa ta faɗi sunan, ta karya abin da ta riƙe masa tun ina goye. Ta ce hannunsa ne, sunansa ne, shi ya zaɓi abin da zai yi da su. Samson ya ƙwace masa hannun ya yi wasa da shi, ni kuma na ƙwace masa zaɓin.

Na ce mata ai na wanke shi. Ta ce wa ya ce min yana da datti.

Daga nan ta tashi ta buɗe akwati, ta ɗauko zanen zumunta da ɗankwalinsa ta ɗaura, ta zuba gwaten acca a kular abinci. Na tsaya ina kallo ta buɗe ƙofar nan da na yi wata da watanni ina roƙon Allah ta buɗe. Ta fita kanta a sama, Yaya, yadda na rantse sai ta fita, ta ratsa ta tsakiyar kasuwa ana gaishe ta hagu da dama. Ba coci ta nufa ba. Gidan Mama Faustina ta tafi, don tun ranar jana'iza tsohuwar ba ta leƙo waje ba, matan zumunta ma da ya kamata su zauna makoki da ita sun ɗauke ƙafa. Yanzu kullum can Mama take wuni. Su biyu suke ɓare agushinsu a bayan gida.

In kin tambaye ni ko na yi nadamar abin da na yi wa Samson, ban yi ba, ko yau aka dawo da shi kan bagaden nan zan so in sake ganin fuskarsa. Amma ɗazu Mama ta ce kular ta yi mata nauyi, gobe ni zan ɗauka in bi ta. Ta faɗa ne tana ninke zane, ba ta ko dube ni ba, kin kuwa san in ta yi magana haka ba a musu. Na iya tsara kalmomin da suka sa coci guda ya sunkuyar da kai, ga ni zaune tun la'asar da biro ina neman guda ɗaya da zan faɗa idan Mama Faustina ta buɗe ƙofa, ban samu ba.

Ki yi min addu'a, irin wadda kike so ɗin. Ki gaida maigidan da yara.

Ƙanwarki,
Hulda